Baba Abuna da Hannun da Aka Ɗora Masa

Daga Allah muka zo, gare shi za mu koma, kuma wannan magana ba ta ware kowa ba. Baba Abuna ya rasu a tsakiyar yankan riɗi, a hillarmu, wato ƙauyenmu, da ke gefen hanyar Basunda, bayan ciwon ƙirji da ya kwantar da shi tun ƙarshen damina. Kirista ne. Ni Musulmi ne ɗan Musulmi. Amma matarsa ce ta shayar da ni, don haka ubana ne, kuma idan ban rubuta wannan ba, ban ga wanda zai rubuta ba.

Labarin ya iske ni a mashru, gonar wani attajirin Gadarif da nake tuƙa wa tarakta. Na kashe inji na kamo hanya, ina tunanin yadda zan kutsa cikin jama'a in kai ga Yumma, matarsa. Da na iso sai na tarar babu jama'ar da zan kutsa. Inna, mahaifiyata, tana zaune a ƙasa ta rungume Yumma. Wasu tsofaffin mata suna gefe sun yi tagumi. Leburori biyu daga kambo, inda masu aikin gona ke kwana, suna tsaye a rana sun cire huluna. Shi kuwa yana kwance a kan angarib, gadon igiya, cikin ɗakinsa na ciyawa, an lulluɓe shi da farin mayafi.

Mazan unguwarmu sun leƙo, ba zan ce ba su leƙo ba. Wani maƙwabcinmu ya shigo ya ɗaga hannuwa yadda muka saba, ya buɗe baki zai ce "Fatiha", sai ya tuna. Hannuwan suka tsaya a sama, ya rasa inda zai kai su, a ƙarshe ya gyara rawaninsa da su. Ya ce "Al-baraka fikum", gaisuwar ta'aziyya da Larabci, can ƙasa-ƙasa, ya fice kamar wanda aka kora. Wasu ma daga bakin danga suka tsaya, suka yi mini alama da kai, suka wuce.

Na je wurin Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ke ba mu salla tun rasuwar mahaifina. Na same shi yana wasa lauje.

"Baffa, ya za mu yi da Baba Abuna?"

"Ta'aziyya ba laifi ba ce, ɗana, maƙwabci ne. Haƙa kabari ma ba laifi. Wanka da addu'a dai na mutanensa ne. Su zo su fara, mu kama musu."

Gaskiya ya faɗa. Amma da ya gama faɗa sai ya saɓa laujensa ya nufi gona, domin riɗi in ya bushe a tsaye zuba yake yi a ƙasa. Sauran maza suka bi bayansa. Babu wanda ya hana kowa zuwa. Kowa dai yana jiran mutanensa su fara.

Mutanensa kuwa, 'yan kaɗan ɗin da suka rage a kambo bayan an raba ƙasa biyu kudu ta ware, suna can suna tasu gardamar. Wani dattijo ya ce bai san wace addu'a za a yi masa ba, ta limamin kanisa, wato coci, ko ta kowa da kowa. Wata mata ta ce ita ba ta da ƙiyayya da shi, amma shi ya ɗaura mata aure, daga baya aka ce sai an sake, kuma har yau ba ta manta kunyar ranar ba. Aka aika gari a kira limamin kanisar Katolika, aka zauna jira. Mu muna cewa nasu ne, su kuma ba su tabbata nasu ba ne. Haka ya wuni a kan angarib.

Bari in faɗi ko wane ne, domin yaran da ke tasowa yanzu tsoho mai tari kawai suka sani.

Daga kudu ya zo lokacin yaƙi, shi da Yumma da ƙunshin kaya ɗaya, cikin leburorin yankan dawa da ake kwasowa a lori daga kasuwar Gadarif. Mahaifina ne wakilin mashru a lokacin, shi ke raba aiki da garin tuwon asida da busasshen kifi. Ya lura da wani dogon mutum da ba ya ɗaga murya, wanda in rigima ta tashi a kambo wurinsa ake kai ta. Da aka gama girbi kowa ya watse, mutumin ya ce ba shi da inda zai koma. Mahaifina ya yanka masa fili a bayan gidanmu.

Shekarar da aka haife ni ciwon kala'azar ya kama Inna, nono ya ƙafe. Yumma tana goyon ɗanta na fari. Ta tsallako danga ta ɗauke ni ba tare da ta tambayi kowa ba. Kakata ta yi ƙorafi, mahaifina ya tambayi malamai, suka ce ya halatta. Daga nan na zama mai gida biyu.

Da Larabci yake magana da kowa, amma ya koyi Hausa don kawai ya riƙa tsokanar Inna. Har ya mutu bai iya faɗin "ƙwai" daidai ba, ita kuma har ya mutu ba ta daina sa shi ya maimaita ba. In aka yi masa tambaya mai wuya sai ya ce, "Bari in sha ruwa tukuna," ya sha a hankali, sannan ya amsa, ko kuma ya ce bai sani ba. Ban taɓa ganin babban mutum mai saurin cewa "ban sani ba" kamarsa ba. Da azumi, in mun shimfiɗa tabarmi a bakin hanya don buɗa baki, shi ke tsayawa tsakiyar titi yana tare direbobin lori, yana rantsuwa ba za su wuce ba sai sun sauko sun sha ruwa, alhali shi ba ya azumin. In an yi rasuwa a unguwarmu kuwa, kafin a gama wanka yana maƙabarta da diga. Ƙasarmu baƙa ce, in ta bushe kamar dutse take, amma ba ya bari a karɓe shi sai ya kai ƙugu. In an tayar da salla sai ya koma gefe ya tsaya, hula a hannu. Kabarin mahaifina ma shi ya fara sara.

A farko ba Abuna ake ce masa ba, Ustaz ake ce masa. Ya yi karatun zama limamin kanisa a ƙasarsu, ya kusa ƙarewa yaƙi ya watsa makarantar. Da ya auri Yumma ƙofar ta rufe, domin a kanisarsu limami ba ya aure. Sai ya zama mai karanta wa 'yan kambo addu'a ranar Lahadi a gindin wata aduwa.

Wata damina ciwo ya shiga kambo. Mutane suka riƙa mutuwa suna kiran a kawo musu limami su furta zunubansu, ga hanya ta zama taɓo, ko tarakta ba ta wucewa. Shi kuma ba shi da izinin yi musu abin da suke roƙo. Da rani ya shigo sai ya tsallaka iyaka, ya yi watanni ba labari. Ya dawo da wani siririn ƙyalle da yake ratayawa a wuya, da ƙaramin ƙoƙo na ƙarfe. Daga ranar 'yan kambo suka koma ce masa Abuna, laƙabin da suke kiran limamin kanisa da shi.

Mahaifina mutumin ɗarika ne, kuma abu na farko da yake tambayar duk wanda ya ce shi wani ne shi ne wa ya ba shi izini. Wata la'asar muna shan jabana, kofin da ake dafawa a 'yar butar ƙasa, a rumfar ƙofar gida, lokacin na riga na yi aure, ya kawo maganar.

"Maƙwabci, wannan limancin naka, a hannun wa ka karɓa?"

Baba Abuna ya sha ruwa tukuna. Ya ce a wurinsu mutum ba ya zama limami da karatu kaɗai. Sai mutran, wato babban limami mai naɗa limamai, ya ɗora masa hannu a ka. Shi ma mutran ɗin wani ne ya ɗora masa, wancan ma wani, haka har a kai ga Hawariyawan Annabi Isa, alaihissalam.

Mahaifina ya yi murmushi. "Silsila ke nan. Ai mun san wannan. To wanda ya ɗora maka, yana cikin silsilar?"

"Yana ciki, ya Haj. A cikin kanisa aka naɗa shi, da yardar Paparoma. Daga baya ya ɓata da su a kan auren limamai, ya fita ya kafa tasa ƙungiya."

"In mutum ya fita, izininsa na bin sa ko yana zama a gida?"

"Nan ne gardamar. Su kansu malamanmu suna cewa hannun da aka ɗora ba ya gogewa, ko mutum ya yi tawaye. Wanda ya naɗa, ya naɗu. Amma suna cewa ba shi da ikon yi, kamar wanda ya buɗe rumbun gida da makullin gaske ba da yardar maigida ba. Wasu kuma suna cewa ba su ma san ko ya yi naɗin yadda ake yi ba, don haka ba za su ce e ba."

"Kai me ka ce?"

Ya dubi ƙasa. "Ni dai na ji nauyin hannu a kaina. Abin da ya wuce haka ban sani ba."

Shekaru ya yi yana yi musu ibada a gindin aduwar. Ya yi wa jarirai baftisma, ya ɗaura aure, ya zauna kusa da masu mutuwa. Da damina, in ruwa ya raba kambo da kambo, a ƙafa yake zagawa, takalmi a hannu.

Sannan aka gyara hanya, limamin gari ya fara zuwa da rani. Saurayi ne a lokacin, mai ladabi, bai zagi kowa ba. Ya zo tare da Mu'allim, malamin da ke koyar da yaran kambo addini, wanda ƙauyensu ɗaya da Baba Abuna a can kudu, har suna kiran juna ɗan baffa. Limamin ya tara mutane ya faɗa musu dokar kanisarsu. Baftismar da aka yi wa yara tana nan. Amma kada su sake karɓar gurasar ibada a hannun wanda ba ya ƙarƙashin mutran na gari, kuma duk auren da ya ɗaura sai an zo an gyara shi.

Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba. Mata suka taho gidansa da goyo a baya suna kuka. Ɗaya ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Abuna, 'ya'yana fa? Me zan ce musu su ne?" Na zaci zai kare kansa. Bai yi ba. Washegari ya bi kambo ɗaki-ɗaki, yana tsayawa a bakin ƙofa ba ya shiga, yana cewa, "Ku je ku gyara. 'Ya'yanku na halal ne, kun yi da zuciya ɗaya. Amma ku je ku gyara, kada ku ɗauki shakkata ku ɗora wa kanku." Da kansa ya raka wasu har wurin limamin. Ya tsaya a baya yana kallon ana sake ɗaura auren da ya ɗaura, kansa a sunkuye.

Bayan haka ya rame. Ya daina tsokanar Inna. A wannan halin ne suka yi faɗa da mahaifina, faɗa ɗaya tak da na sani tsakaninsu. Suna zaune a rumfar nan, sai Baba Abuna ya ce, kamar mai magana da kansa:

"Ka san abin da ke cina, ya Haj? Ina gaya wa mutane don masu mutuwa na je. Gaskiya ne. Amma ba ita kaɗai ba ce. Ina so. Tun ina yaro nake so a ce mini Abuna. Da na ji akwai mai bayarwa, ban tsaya na yi tambaya da yawa ba, don ina tsoron amsar."

Mahaifina ya tausaya masa, kuma tausayin ne ya kai shi ga kuskure. Ya ce, "To maƙwabci, tunda silsilarka ta sami tangarɗa, mutanenka sun juya maka baya, me zai hana ka shigo cikinmu? Gobe-gobe ka zama ɗan'uwa."

Baba Abuna ya ajiye finjalin bai sha ba. Ya miƙe. "Na nuna maka inda ke mini ciwo, kai kuma ka ga dama ta samu." Ya tsallaka danga ya tafi.

Damina guda ba su zauna tare ba, sai gaisuwa daga nesa. Mahaifina ya riƙa cewa shi alheri ya nufa, Inna kuma tana ce masa alheri ma yana da lokaci. Ranar da aka fara yankan dawa ya ɗauki jabanarsa da garwashi ya zagaya bayan gida. Ya zauna a ƙofar Baba Abuna ya fara hura wuta, ya ce wai iska ta yi yawa a tasa rumfar. Ba su sake tayar da maganar ba har mutuwa ta raba su.

Mu'allim kuwa bai sassauta ba. Shi ya fi limamin gari zafi nesa ba kusa ba. Ya hana yara gaishe shi da sunan Abuna. Wata rana a kasuwa, gaban jama'a, ya ce masa, "Ɗan baffa, ka cire wannan ƙyallen. Wasa kake yi da abin Allah." Baba Abuna ya juya ya bar kasuwar bai sayi abin da ya kawo shi ba. Daga baya ya ce mini, "Waladi, ɗana, da ƙarya yake yi da na ji sauƙi. Wataƙila gaskiya ce."

Shekaru suka wuce. Wata damina mai ruwa sosai, tarakta ta kife da Mu'allim a bakin kwari, ta danne masa ƙirji. Aka ɗauko shi zuwa kambo. Hanyar gari ta yanke, wanda duk ya dube shi ya san ba zai kai a buɗe ta ba. Da hantsi matarsa ta zo gidan Baba Abuna, jikinta duk taɓo, ta ce yana kira.

"Ni?" in ji shi. "Kin ji da kyau?"

"Kai ya ce. Ya ce ka zo da ƙyallen."

Na ɗauke shi a tarakta, muka yi rabin hanya ta kafe. Muka ƙarasa a ƙafa, taɓo har gwiwa, ga shi ya riga ya manyanta. A bakin ɗakin ya tsaya ya kasa shiga. Daga ciki muka ji muryar Mu'allim, tana fita da ƙyar.

"Shigo, ɗan baffa."

"Ka san abin da ka sha faɗa a kaina."

"Na sani. Amma doka ta ce in mutum yana bakin mutuwa, duk wanda aka ɗora wa hannu zai iya sauraronsa, ko da ya fita daga gida. Ni na koyar da ita."

"In kuma hannun bai kama ba fa?"

Mu'allim ya ja numfashi da ƙyar. Sannan ya ce, "To Allah ya ga na kira. Shigo, ba ni da lokaci."

Ya rataya ƙyallen ya sunkuya ya shiga. Muka ja da baya don kada mu ji. Da ya fito sai ya zauna a kan taɓon, ya rufe fuska da hannuwa. Mu'allim ya cika kafin azahar. A hanyar komawa na ce masa, "Baba, yau dai ka sami amsarka." Ya girgiza kai. "A'a, waladi. Shi ma bai sani ba. Tsoro ne ya kama shi, ni kuma ina kusa." Bai taɓa ba kowa labarin nan ba, kuma bai sake tara mutane a gindin aduwa ba. In an kira shi wurin mara lafiya yana zuwa. In ba a kira ba yana gida yana gyara wa mutane fitila da rediyo.

Da aka raba ƙasa yawancin mutanensa suka koma kudu, har da ɗansa, ɗan'uwana na nono. Ɗan ya yi ta aiko musu su taho. Baba Abuna ya ce shi ya tsufa da sabon wuri, kuma a nan yake da maƙwabta.

To, wannan mutumin ne ya wuni a kan angarib ana jiran wanda zai fara.

Washegari da sassafe na ɗauki diga, ni da leburorin nan biyu da wani tsoho daga kambo. Wurin da suke binne nasu yana bayan gonakin riɗi, don haka duk wanda zai tafi yanka sai ya wuce ta gabanmu. Suka riƙa wucewa da laujuna a kafaɗa. Wasu suka ce sannunku, wasu suka kau da kai. Mutanen da ya haƙa wa iyayensu kabari ne, na san su ɗaya bayan ɗaya. Ni ma ban buɗe baki na kira kowa ba. Ina sara ina jin kamar ni ake kallo ina aikata abin kunya, alhali na san ba a nan kunyar take ba. Ƙasar ta ƙi mu, tafin hannuna ya fashe, rana ta take kafin mu kai inda ya kamata.

Limamin gari ya iso a bayan lorin buhuna, yanzu furfura ta cika masa kai. Ya shiga wurin Yumma ya durƙusa ya gaishe ta. Ya gaya mata ba tare da kwana-kwana ba cewa ba shi da ikon yi masa jana'izar limami, amma zai yi masa addu'ar da ake yi wa kowane Kirista, kuma zai yi ta da dukan zuciyarsa. Yumma ta ce, "Shi ma abin da zai ce ke nan." Da 'yan kambo suka ji limami ya zo sai suka fito, har da matar nan da aka sake wa aure, ita ce ma ta fi kowa kuka. Muka ɗauke shi. Inna ta bi mu har bakin gonaki, ba ta damu da mai kallo ba.

Bayan an rufe na tare limamin a gefe.

"Abuna, ina da tambaya. Ni ba mutuminku ba ne, amma ubana ne. Limami ne ko ba limami ba?"

Ya daɗe yana kallon tudun ƙasar. "In mutran ɗin ya yi naɗin yadda ake yi, to limami ne, har abada, ko da ba da izini aka yi ba. In bai yi ba, to ba shi ba ne. Ban kasance a wurin ba, kuma na sama da ni ba su yanke ba. Na yi shekaru ina fatan a ce mini e ko a'a, don in san yadda zan gaishe shi. Duk lokacin da na zo sai ya riga ni sunkuyawa, ya sumbaci hannuna, ni kuma in rasa inda zan sa fuskata."

Iyakar amsar da na samu ke nan, kuma ba ni da ilimin da zan ƙara a kanta. Ban yi masa salla ba, addinina bai ba ni wannan ba. Na bar shi ga Allahn da ya san abin da ya sauka a kansa ranar da aka ɗora masa hannu, ya kuma san taɓon da ya taka.

Da aka gama yankan riɗi Yumma ta ce za ta tafi wurin ɗanta. Ranar tafiyar unguwa duka ta fito, maza da mata. Wannan ya kawo buhun dawa, wancan galan ɗin man riɗi, wata ta kawo turare, wata sabon tobe na lulluɓi. Samari suna rige-rigen ɗora kaya a lori. Kowa yana neman abin da zai ɗauka. Yumma ta karɓi komai, ta gode wa kowa da sunansa, ta tambayi lafiyar yaransu.

Baffa ya matso, ya tsaya gabanta yana murza carbi.

"'Yar'uwa, ki yafe mana. Aiki ne ya sha kanmu."

"Ma'alesh, ba komai, ya Haj. Riɗi ne, na sani." Ta sa ƙafa a matakalar lori, sai ta juyo. Ba da faɗa ta yi maganar ba, da murya ce irin ta mai isar da saƙo. "Da ciwon ya tsananta na ce masa, ɗanmu yana nesa, mutanenmu sun tafi, wa zai haƙa maka? Sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, 'Ke dai, wannan ne abu ɗaya da ba na shakkarsa. Maƙwabta na nan.'"

Aka ja ta sama ta zauna a kan buhuna. Lori ya tashi. Muka tsaya a bakin hanya, mu duka, har ƙarar injin ta ɓace, kuma babu wanda ya iya duban fuskar ɗan'uwansa.